Ashana a Tafin Goggo Fiya

Matso nan kusa, ja wancan bencin ka zauna. In da sigari a hannunka ka kashe ta, don labarin mai sayar da kananzir zan ba ka, kuma ita ko a cikin labari ba ta yarda a kunna wuta kusa da ita ba, sai in ita ta ƙyasta.

Goggo Fiya ake ce mata. Shagonta na can ƙarshen layi, tsakanin rumfar mai walda da wani kango da ake jibge tsofaffin tayoyi. Ɗaki ɗaya ne ƙwal, ba taga, ƙyaurensa na ƙarfe. Duro biyu a ciki a kan katako, jarkoki a jere, mazurarai rataye a ƙusa, bokitin yashi a bakin ƙofa, sai wata sandar ƙarfe da take zurawa cikin duro ta ga inda mai ya tsaya. Sandar nan ka riƙe ta a ranka, don ta auna kawunan mutane kusan yadda ta auna mai.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kamar ana jan duro a kan siminti. Tana da tabon ƙuna da ya taso daga bayan kunnenta na hagu ya gangara wuya, ba ta kuma taɓa rufe shi ba.

Sunan kuwa ba iyayenta suka sa mata ba, mai fenti ne. Lokacin da ta buɗe shagon ta kira shi ta ce ya rubuta mata a allo cewa kananzir ɗinta zalla ne, ba surki. Mutumin nan, mai son a san ya yi boko, sai ya zana mata wata kalmar Turanci mai haruffa huɗu da jan fenti, wadda bakinmu ke kira fiya. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce me ya rubuta mata, ko zaginta ya yi? Ya sauko daga tsani yana goge hannu ya yi mata bayani. Ya ce kalmar na nufin abin da ba a gauraya shi da komai ba, abin da yake shi kaɗai, tas. Ya ce su ma Turawan Ingila ba tasu ba ce tun asali, daga bakin Faransawa suka ɗauko, Faransawan kuma daga tsohon harshen Rumawa, inda ake faɗinta ga abu mai tsabta wanda komai bai shiga cikinsa ba.

Goggo ta yi dariya har da dukan cinya. Ta ce ashe kalmar da ke rantsuwa ba a taɓa ta ba, baki uku ta ratsa kafin ta iso ƙofarta, ta fi jarkar aro yawo. Amma ta bar allon. Kafin wata ya zagayo yaran layi sun laƙaba mata sunan, har ta fara amsawa.

Kada ka ɗauka tsabtar kasuwanci ce kawai ta sa take haka. Abin ya samo asali ne tun tana yarinya, ba ta fi tsayin teburin tela ba. Innarsu ce ta aike ta da kwalba wajen wani mai kananzir a bakin kwana. Ta sayo, ta dawo da gudu don a yaba mata. Inna ta zuba a risho, ta sunkuya, ta ƙyasta ashana. Goggo ta ce ba ƙarar ce take tunawa ba, iskar ce, wata iska mai zafi da ta ɗauke ta ta maka da bango. Da ta buɗe ido Inna na tsaye a tsakar ɗaki wuta na cinta tun daga zani har gashi, ba ta ko ihu, hannu kawai take nuna wa tabarma inda jaririn goyonta ke kwance. Yarinyar ta rarrafa ta kamo shi ta ƙafa ta ja shi waje. Ƙafarsa ta hagu ta riga ta ƙone, ita kuma labule ya faɗo mata a wuya.

Inna ba ta yi kwanaki da yawa ba. Babansu ya ɗauki ƙotar gatari ya je bakin kwana, ya kakkarya wa mai kananzir ɗin hannuwa biyu da muƙamuƙi, aka ɗaure shi. Da ya fito ya zama wani mutum daban, bai daɗe ba shi ma ya bi Inna. Jaririn nan, Auta, a bayan yayarsa ya girma. Kuma duk da ba wanda ya taɓa ce mata laifinta ne, ita dai ta san hannun da ya ɗauko kwalbar.

To ga yadda take aikinta. Duk duron da aka sauke mata, ba a sayar da ko cokali sai an gwada. Tana da wani murfin gwangwanin madara da ya yi baƙi ƙirin. Za ta ɗebo man ta zuba a murfin, ta fito bakin ƙofa inda kowa zai gani, ta ɗora shi a tafin hannunta na hagu, ta ƙyasta ashana a jikin ɓarin kwalin da ta manna a ƙyaure, ta saki tsinken cikin man. Kananzir na gaskiya ba ya kamawa haka nan, sai ya samu lagwani. Tsinken zai yi cuu ya mutu kamar an jefa shi a ruwa. Amma in an yi masa algus da fetur, tun tsinken bai sauka ba wuta za ta yi tsalle ta tarye shi.

Mai walda, maƙwabcinta, mutum ne shiru-shiru mai jajayen idanu. Ya taɓa tambayarta me ya hana ta ajiye murfin a ƙasa kamar mai hankali. Ta ce masa, "A ƙasa sai wata rana in ce ai ɗan kamawa ya yi. A hannu babu ɗan kamawa."

Kuma ya sha kamawa. Tafin hannun nan nata ya yi kanta, ya yi sheƙi kamar fatar ganga. Duk ranar da ya kama kuwa, layin nan sai an yi kallo. Akwai wani direban tanka mai haƙorin gwal da ya kawo mata kaya yana ta rantse-rantse, yana kiranta uwar ɗaki. Ta gwada, wuta ta yi fau. Ta kife murfin a yashi, ta shiga ciki kamar mai ɗauko masa ruwan sha, ta fito da sandar awo. Bugu na farko a baki ta same shi. Ya ruga ya haye mota ya kulle, ta farfasa madubi da gilashi, ta jawo shi ta taga da wuyan riga, ta yi ta kirɓarsa har sai da maza uku suka rirriƙe ta. Haƙorin gwal ɗin yara ne suka tsinto shi a kwata. Ta kwana a hannun 'yan sanda, matan layi kuma suka yi ta kai mata abinci har sai da ɗan sandan ƙofa ya ce ko a gidansa ba ya cin irin wannan daɗi.

Mijinta ma bai tsira ba. Mai gyaran agogo ne, dogo, mai taushin murya. Wata shekara da kananzir ya yi wuya, ya fara lallaɓa ta cewa ɗan ƙari kaɗan ba ya kisa, kowa ma yana yi. Ta ce ya bar zancen. Wata safiya ta fito ta tarar da shi a shago da tiyo da galan ɗin fetur, ya sunkuya a kan duro. Sandar ta sauka a tsintsiyar hannunsa na dama, aka ji ƙas har rumfar walda. Ya tattara 'yan ƙarafunansa ya bar gari, ya bar mata 'ya mace ɗaya. Mutanen layi suka riƙa cewa bawan Allah ya iya gyara agogon kowa, amma bai san lokacin da matarsa ke tashi daga barci ba.

Saura Auta. Shi kam ba inda za shi. Ya zama ƙato, gemunsa har ya fara furfura, yana ɗingisa ƙafar hagu, yana mirgina cikakken duro shi kaɗai kamar ƙwarya. Mutum ne mai sanyi, yana kiwon tantabaru a bayan shago, yaran layi na hawa wuyansa. Aibinsa ɗaya a wajen yayarsa: ba ya iya ƙyasta ashana. Ko shayi zai dafa sai ya nemi mai kunna masa. In ya ga harshen wuta kusa da shi sai gumi ya karyo masa, yatsunsa su ƙi lanƙwasuwa.

Wannan abu ya tsaya wa Goggo a wuya. Ta ce in ta faɗi ta mutu wa zai gwada man? Sai ta kama wuyan hannunsa, ta ɗora masa murfin a tafi, ta tura masa ashana, ta ce ƙyasta. Ya yi ta rawa man na zuba. Sai mari. Tun yana yaro take dukansa a kan wannan, har ya yi gemu ba ta daina ba, shi kuma bai taɓa ɗaga hannu ya kare ba, sai dai ya ce, yi haƙuri Yaya. Ba ƙinsa take yi ba, ka gane. Ba ta taɓa cin abinci ba sai ta ga ya ci, kuma ranar da wani ɗan tasha ya kwaikwayi tafiyarsa sai da ta fasa masa hanci da mazurari. Hannunta ne dai kullum yake riga bakinta isa. Abin da dukan ya koya masa shi ne ƙarya, kuma ko ita bai iya ba: duk sa'ad da zai yi ta, sai ya ɗaga ƙonanniyar ƙafar ya goga a ƙwaurin ɗayar.

Ranar da abin ya faru, an daɗe ba kananzir a gari. Durorin Goggo sun bushe, mata sun jera kwalabe a ƙofar shago tun da safe don an ce kaya na hanya. Sai ga surukinta a guje, ya ce 'yarta na naƙuda, an kai ta asibiti, haihuwar fari. Goggo ta ɗauki gyale. Da ta ce wa Auta ya rufe shago ya jira ta, da yanzu ba ni da labarin ba ka. Amma ta dubi matan da ke layi, ta dube shi, sai ta ga dama ce ta samu. Ta ɗauko murfin da kwalin ashana ta danƙa masa. Ta ce in kaya ya iso ya gwada ya sayar, kuma kada ta dawo ta tarar da mace ko ɗaya a layi, in ba haka ba shi da tantabarunsa su nemi wajen kwana. A ranta cewa take yi in ba ta tsaye a kansa, dole ce za ta warkar da shi.

Abin da ba ta gani ba ke nan. Bayan tafiyarta, lokacin da mata suka bar kwalabensu a layi suka je ɗora girki, wata buɗaɗɗiyar mota ta kawo duro ɗaya, da wani baƙon direba da ya ce mai kawowar ba shi da lafiya. Mai walda ne ma ya kama wa Auta suka mirgina shi ciki. Auta ya ɗebi man a murfi, ya laɓe a bayan ƙyaure, ya zaro tsinke. Ya daɗe a nan. Mata suka dawo suna ta kiransa, suna tsokanarsa. Matar tela ce a gaba, wata 'yar fara'a mai wasa da kowa, wadda kullum take kiransa angonta. Ta leƙa ta ce ko sai ta shigo ta riƙe masa hannu ne? Aka kwashe da dariya. Auta ya shinshina man, ya ji kamar ƙalau, ya mayar da tsinken cikin kwali, ya fito ya ce ya gwada. Aka ce ba a gani ba. Ya ce gwajin bakin ƙofa na Yaya ne, shi a ciki yake nasa. Ya cika wa matar tela kwalbarta.

Can asibiti an sauka lafiya, 'ya mace. Goggo na riƙe da jinjirar tana ƙirga mata yatsu, tana cewa ta ɗauko hancin kakanta mai agogo, Allah dai ya sa kada ta ɗauko halinsa. Sai ta ji hayaniya a baranda. Kafin ta ga komai hancinta ya gaya mata, don wannan warin sau ɗaya ake jin sa a rayuwa a riƙe shi har kabari. Aka wuce da wata mace a kan gadon turawa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zanin gado, mata biyu na binta suna kuka suna cewa risho ne, risho ne. Fuskar ba ta ganuwa. Muryar da ke nishi a ƙarƙashin zanin ce Goggo ta gane, ta matar tela ce.

Ta ajiye jinjirar a ƙirjin uwarta, ta fice a guje. Takalmi ɗaya ta bari a matakalar asibitin.

Tun daga bakin layi mai babur ya ce ba zai ƙarasa ba. Layin ya cika maƙil. An ɓalle ƙyauren shago, an watso jarkoki waje, an farfasa kwalaben da mata suka dawo da su, ƙasa ta jiƙe, wari ya cika ko'ina. An tattake kejin tantabaru, gashinsu na yawo a iska. A tsakiyar taron kuma ga Auta a durƙushe. An fasa masa kai, ido ɗaya ya rufe, jini ya rine gemun. An ɗauko taya daga kangon nan an zura masa har kafaɗa, wani ya juye masa jarka guda ta man shagon. Mutanen da yake ɗaukar 'ya'yansu a wuya su ne riƙe da katako da duwatsu. Mai walda na gefe, an fasa masa leɓe garin rabon faɗa.

Tela na tsaye a gabansa da kwalin ashana. Shi ya ciro matarsa daga wutar, hannuwansa duk sun tashi sun yi ruwa, shi ya sa ma har lokacin bai iya ƙyastawa ba. Tsinke ya kama ya suɓuce, ya kama ya karye. Ana ta ce masa ya kawo a taya shi, yana cewa ba mai taɓawa, nasa ne.

Goggo ba ta nemi hanya ba, buɗe ta ta yi. Ta fizge sandar awonta daga hannun wani matashi da ya ɗauko ta ganima, ta sauke masa a gwiwa, ta maka wa na kusa da shi a kafaɗa, na uku ya kauce da kansa. Dutse ya same ta a goshi, wani ya sauke mata katako a baya, ba ta ko waiga ba. Ta isa ta dafa tayar, ta ɗago haɓar ƙanenta, hannun rigarta na shan man da ke zuba daga kansa.

"Auta, ka gwada?"

"Na gwada, Yaya."

Yana durƙushe ne, amma ta ga ƙafar hagun nan ta motsa tana neman ƙwaurin 'yar'uwarta.

Ni dai na sha tunanin abin da ya ratsa zuciyarta a wannan tsayuwa. Ta san mutanen nan ba za su watse ba sai sun ga wuta. Ta san sanda ɗaya ba ta korar layi guda. Kuma ta san duk abin da ya rage tsakanin ƙanenta da mutuwa shi ne yatsun tela da suka ƙi riƙe tsinke, su ma ɗin sun kusa koyo.

Ta yar da sandar. Ƙarar faɗuwarta ta sa kowa ya juyo, don ba wanda ya taɓa ganin ta sake ta da kanta.

Ta ɗaga murya ta ce su saurara. Ta ce wannan ragon da suka kama ɗan aike ne, ko shayinsa bai iya kunnawa ba, kowa ya sani. Ta ce ita ta karɓi duron da sassafe kafin ta tafi, tana sauri, ba ta gwada ba, ta ce masa an gwada ya sayar. Sunan wa ke kan allo? Nata ne ko nasa?

Mai walda ya ɗago kai ya dube ta. Shi ya mirgina duron da hannunsa rana tsaka, bayan tafiyarta. Ta dube shi ita ma. Ya sunkuyar da kai ya tofar da jini.

Taron ya fara guna-guni, wasu na cewa ƙarya take yi, wasu na cewa to a haɗa su duka. Ba ta bari maganar ta yi tsawo ba. Ta juya wajen tela ta miƙa masa hannu.

"Ɗan'uwa, shekara nawa kana sayen mai a nan? Ka taɓa ganin an yanke hukunci a ƙofar nan ba a gwada ba? Ba ni ashanar. In ya kama, ga ni, ba inda za ni."

Ka ga, abin da ido ya saba gani yana da ƙarfi. Mutanen nan sun yi shekaru suna tsayawa suna kallon matar nan tana ɗora murfi a tafi, har sun ɗauke shi kamar fitowar rana. Tela ya dubi hannun da ta miƙo, mai kantar nan, ya dubi nasa. Ya sa mata kwalin a ciki.

Ta tsinci murfinta a cikin tarkace, ta ɗebi man daga duron. Ba ta tsaya a bakin ƙofa inda ta saba ba. Ta ratsa taron a hankali ta tsallaka titi, ta je can gindin bangon da ke fuskantar shagon, inda ƙasa take a bushe, nesa da Auta, nesa da duro. Duk suka juya suka bi ta, suka ba wa mai taya a wuya baya. Ta maƙale kwalin a haƙora. Ta ga hannun rigarta na ɗiga, ba ta naɗe shi ba.

Ta ƙyasta.

Wutar ba ta tsaya a murfi ba. Ta haye hannun riga ta kai kafaɗa kafin ƙiftawar ido, ta kama gyale, ta lashi tsohon tabon. Taron ya tarwatse, ana tattaka juna, ana ihun duro zai fashe. Ita kuwa tana tsaye, hannun a miƙe, kalma ɗaya take maimaitawa da dukan ƙarfinta, ba kuma da su take ba: gudu, Auta, gudu.

Bai gudu ba. Ya murje kafaɗunsa daga tayar har fata ta saɓule, ya rarumi bokitin yashin nan, ya tsallaka titi yana jan ƙafa, jikinsa sharkaf da mai, ya nufi wutar da bai taɓa iya kusantar ko ta tsinke ba. Ya watsa mata yashin. Zai rungume ta ke nan mai walda ya bangaje shi ya faɗi can gefe, ya tuɓe rigar fatar aikinsa ya lulluɓe ta, ya kayar da ita ƙasa yana bubbugawa har hayaƙi ya daina.

Tela bai motsa daga inda yake ba. Abin da ya gani a ɗakinsa ɗazu shi ya sake gani a titi. Ya durƙusa ya yi ta amai, sa'an nan ya zauna a kwata ya sa kai a gwiwa. Waɗanda suka dawo da katakansu suka tarar ba mai cewa a ci gaba. Da motar 'yan sanda ta iso, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ga wanda ya ɗauko taya ba.

Ɗaki ɗaya aka kwantar da Goggo da matar tela, gado biyu a tsakaninsu. Goggo na ji matar ta yi ta kiran ruwa, tana ji ta daina. Kamar Inna, ba ta yi kwanaki da yawa ba. Baƙon direban kuwa har yau ba a san inda ya shiga ba.

Auta ya zo dubiya da kai a naɗe, ya durƙusa a gaban gadon, ya ce zai je ya faɗi gaskiya, ba zai iya ba. Ta ɗaga hannun dama. Ya runtse ido yana jiran abin da ya saba. Kunnensa ta kama, ta jawo shi kusa.

"In ka buɗe baki, hannun nan nawa ya ƙone a banza. Ni na ba ka ashanar, na san ba ka iyawa."

Abin da ta faɗa a titi shi ta maimaita a gaban alƙali, ba ta canza ko kalma ba, aka ɗaure ta. Da ta fito an watsa wa allon baƙin mai, an mayar da shagon wajen ajiye siminti. Ba ta ƙara taɓa kananzir ba. Yanzu sabulu da gishiri take sayarwa a tire a ƙofar gida, hannun hagun a ƙanƙance kamar ƙafar kaza, jikar nan tata ce ke ɗaura mata gyale. Sandar tana nan, amma dogarawa take yi. Auta ke kunna mata risho kullum safe. Har gobe wani lokaci sai ya karya tsinke uku, ita kuma takan kau da kai ta yi kamar tana neman wani abu a tire.

Tela ya yi shekaru in ya hango ta sai ya tsallaka titi. Ya tashi daga unguwar yana riƙe da cewa ita ta kashe masa mata da ganganci na rana ɗaya. Sai bayan tafiyarsa mai walda, da tsufa ya sassauta masa baki, ya faɗi wanda ya mirgina duron da kuma lokacin da aka mirgina shi. Tun daga nan layin ya rabu. Wasu na cewa ta zalunci tela, don mai gawa yana da haƙƙin sanin gaskiya zalla. Wasu na cewa ai ba ƙarya ta yi ba, gaskiyar ce ta faɗa ta wata hanya. Yara dai har yanzu Goggo Fiya suke ce mata, wasu da ladabi, wasu kuma don iyayensu sun koya musu faɗinta da murguɗa baki.

Matar da ta karya hannun mijinta a kan galan ɗaya, ita ce ta tsaya a gaban jama'a ta surka maganarta, kuma wanda aka surka dominsa yana nan da rai yana kiwon tantabaru. To kai da ka ji duka, in hanya ta biyo da kai ta ƙofarta gobe, da wane suna za ka gaishe ta?